Ranar da Kifin Baba Ya Faɗa Lungu

Ni ban taɓa son kifayen nan ba, gara in faɗa tun yanzu. Baba ya yi shekaru yana aikin akawu a tashar jiragen ruwa a Legas. Da ya yi ritaya ya dawo gidanmu na Narayi, bai zo da mota ba, bai zo da injin niƙa ba kamar yadda sa'o'insa suke yi. Gilashi ya zo da shi, falle-falle, a naɗe cikin tsofaffin barguna, da buhun wani gishiri da ba a miya da shi. Da hannunsa ya haɗa akwatin gilashin a falo, tsawonsa ya kai na doguwar kujera, ya cika shi da ruwan da ya dama da gishirin nan har ya koma irin na teku. Sannan ya aika aka kawo masa kifaye daga Legas, cikin leda, cikin kula, a motar haya. Mutumin da aka haifa a gindin dutse, inda ko rafi sai da damina ake gani, shi ne ya ajiye teku a falonsa.

Har sola ya sa, da batura biyu. Ba don fanka ba, ba don firji ba, don injin da ke juya ruwan. In zafin bazara ya matso, mu muna fifita da kwali, kifi suna shan ni'ima. Kuma ba mai taɓa akwatin sai shi. In ka tambaye shi mene ne aikin wannan makunnin, sai ya ce, "Ba ruwanka." In ka sake tambaya ya kalle ka ta saman tabarau. Irin mutanen da ne, aikinsu a kansu yake, suna ganin in sun yi wa yaro bayani girmansu ya zube. Na yi shekaru ina share ƙasan akwatin nan ban san abin da ke cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Sauti ɗaya ya rage masa, wani "aa" mai kauri da yake fitowa daga maƙogwaro, da shi yake neman ruwa, da shi yake ƙin magani. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Yayyena maza biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Jos, gwanayen gaisuwa ne ta waya. Ni da nake koyarwa a wata firamare a Unguwar Boro, ni ce a gida, don haka jinya ta faɗo kaina, kifi ma suka faɗo kaina. Wani mai sayar da kifin ado a cikin gari yana zuwa sau ɗaya a wata ya canza ruwa ya duba inji. Nawa dai in zuba abinci in goge gilashi.

Da muka dawo daga asibiti Baba ya ƙi cin abinci. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira fasto. A banza. Wata safiya na tura kekensa na marasa lafiya gaban akwatin don kawai in samu sararin share ɗakinsa, na barbaɗa wa kifin abinci. Akwai wani ɗan ƙarami a cikinsu, ruwan lemo, mai ɗamara fara guda uku, bai fi tsawon ɗan yatsana ba. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka fara kawowa daga Legas. Ya taso ya cafke abincin, Baba yana kallo. Na miƙa cokalin kunu ba tare da na sa rai ba, sai ya buɗe baki. Tun daga ranar ya zama ƙa'ida: kifin nan ya ci, Baba ya ci. Ban san me ya ƙulla tsakaninsa da halittar nan ba, amma na san abu ɗaya sarai. Ranar da kifin ya mutu a hannuna, Baba zai rufe bakinsa, kuma jikinsa ba shi da sauran naman da zai jure wata yunwar.

Masu zuwa dubiya kuwa ba su yanke ba. Matan zumuntar coci, tsofaffin abokan aikinsa, maƙwabta. Kowa ya shigo ya zauna ya dube ni ya ce, "Yaya mai jiki?" Shi yana zaune a gabansu, kunnensa garau. Ni kuma in amsa, "Da sauƙi. Ya ɗan ci jiya. Bai yi barci sosai ba." Haka ake yi, ba wanda ya yi da mugun nufi. Ni ma ban lura da lokacin da na koya ba. Na wayi gari ina juya shi, ina wanke shi, ina ciyar da shi, ba na tambayarsa komai.

Ranar Asabar ce, da hantsi. Tun ranar Juma'a aka ɗauke wuta. Fitilar saman akwatin ba ta kan sola, kuma da can na sha ganin Baba yana tashi ya kashe makunninta da zarar an ɗauke wuta. Na ɗauka tsumulmula ce irin tasa. Ni kam a kunne na bar ta. Ina kicin ina dama kunu aka kawo wutar. Fitilar ta haska gaba ɗaya, talabijin ya ɓarke da ƙara, yaran layi suka kaure da ihu. A cikin hayaniyar na jiyo "aa" ɗin Baba, amma ba irin wanda na saba ji ba.

Na fito da kofin kunu a hannu, na ajiye masa a kan ɗan teburin gefensa. Hannunsa na hagu a miƙe, yana nuna kusurwa. Na ce, "To, to, na ji," na kashe talabijin. Bai sauke hannun ba. Na gyara masa matashi. Na duba ko ya yi fitsari ne. Sai da na ɗauko abincin kifi na barbaɗa sannan na ga abin da ya faru: kowa ya taso ban da ɗan ruwan lemon.

Na duba bayan duwatsun cikin akwatin, na durƙusa na duba ƙasa, na leƙa ƙarƙashin kujera, har kyanwar maƙwabta na zarga. Daga bisani na jawo kujerar tsugunno na hau na leƙa ta sama.

A kusurwar baya ta akwatin akwai wani ɗan lungu da Baba ya raba da baƙar roba mai kauri. Saman robar yana da haƙora kamar na mataji. Ruwa yana bi ta tsakanin haƙoran ya zuba cikin lungun, ya shiga bakin wani bututu da ke tsaye a tsakiya, ya gangara ƙasa cikin kabad a tace shi, inji ya sake turo shi sama. Ruwan lungun ya fi na akwatin ƙasa da kusan taƙi guda. Can na hango kifin. Hasken da ya zo ba zato ya firgita shi, ya yi tsalle ya haye haƙoran ya faɗa ciki. Ruwa yana zubo masa a ka, bakin bututun yana jan sa, shi kuma yana ta kaɗa jela yana ƙoƙarin tsayawa wuri ɗaya. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Baba yake kashe makunnin.

Na ɗauko 'yar ragar kamun kifin mai mariƙi. Ta fi bakin lungun faɗi. Na cusa hannuna, ya tsaya a wuyan hannu, gefen robar ya yanke ni, gishirin ya shiga ciwon har na yi tsaki. Na kira mai kifin adon sau huɗu, wayarsa a kashe. Na ruga kicin na ɗauko ludayin miya, na ɗauraye shi sama-sama, na zura. Na ji na taɓa kifin. Na matse shi da bango ina so in jawo shi sama, ya zille ya nutse can ƙasa bayan bututun. Na ɗaure matacin shayi a jikin muciya da zare, na sake zurawa, zaren ya kwance, da ƙyar na ciro matacin. Duk wannan abin Baba yana bayana yana ta "aa, aa", ni kuma ina cewa, "Ka yi haƙuri, ina zuwa," ko waiwaye ban yi ba.

Da kifin ya sake tasowa na ga ya fara karkacewa, kuma ga wani farin tabo a gefensa inda ludayina ya goge shi. Na fita na leƙa ta katanga na kira maƙwabcinmu, wani mutumin Binuwai da ke kiwon tarwaɗa a manyan tankunan roba a bayan gidansa. A ganina wanda ya kwana cikin kifi ai ba zai rasa dabara ba.

Ya shigo da takalmin robarsa, ya ɗan rusuna wajen Baba, ya dube ni ya ce, "Malama, yaya mai jiki?" Sannan ya hau kujerar ya leƙa.

"Kai! Wannan ɗan mitsitsin ne ya tayar miki da hankali? Ba wahala. Ruwan ne ya yi ƙasa. Kawo bokiti ɗaya na bohol mu juye a ramin, ruwa ya cika, ya taso da kansa."

Na ce, "Oga, ruwan gishiri ne fa."

"Abeg, ruwa ai ruwa ne. Nawa ma in sun yi ciwo gishiri nake watsa musu, washegari in canza ruwa, ba abin da ke samun su."

Tarwaɗa kuwa ko a taɓo ka jefa ta sai ta rayu, shi ya sa yake magana da gaba gaɗi. Ban san cewa bokitin ruwan daɗi a kan kifin teku, a wannan matsatsin wuri, zai iya ƙarasa shi ba. Kuma ko an zuba, bututun ne zai shanye. Ni dai na ga mai gemu ya yi magana, na ɗebo ruwan. Na hau kujerar, maƙwabcin ya tallafa mini gindin bokitin, na fara karkatawa.

Sai na ji wani abu ya daki bayana, ɗumi ya bi mini zani. Kofin kunu ne. Baba ya jefe ni da shi da hannun hagu.

Na dire bokitin har ruwan ya fantsama a ƙasa. Wata huɗu na gajiya suka taso mini lokaci guda, na juya na fuskance shi. Na ce, "Me kake so in yi? Shekara nawa ina tambayarka kana ce mini ba ruwana? To ga shi yau da ruwana! Da ka buɗe baki ka koya mana lokacin da bakin yake aiki, da yanzu ba mu tsaya muna kallon juna ba. Kifi ka fi so da 'ya'yanka, to tashi ka cire shi!"

Na faɗa, a gaban baƙo. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Maƙwabcin ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ruwa yana ta zuba cikin lungun.

Baba bai ce "aa" ba. Hawaye ne ya gangaro ta gefen fuskar da ya mutu. Amma hannun bai sauka ba. Yana nan a miƙe, kuma a karo na farko tun safe na bi yatsan da ido har inda ya nufa. Ba saman akwatin yake nunawa ba. Ƙofar kabad ɗin ƙasa yake nunawa. Mutumin da ya haɗa abin nan da hannunsa yana zaune taku uku daga inda nake, ya fi awa yana gaya mini abin yi, ni kuwa na tsallake shi na je neman mai tarwaɗa.

Na tsinci cokalin kunun daga ƙasa, na goge da bakin zani, na damƙa masa a hannu. Na tura keken har gaban kabad, na durƙusa. Na ce, "Baba, zan riƙa taɓawa. In daidai ne ka buga sau ɗaya. In kuskure ne ka buga sau biyu."

Ya buga ƙarfen keken sau ɗaya.

Na buɗe kabad. Bututai, wayoyi, wani ƙaramin tanki, makunnai a jere ba rubutu ko ɗaya. Na ɗora yatsa a kan makunnin farko. Ƙwas, ƙwas. Na biyu. Ƙwas, ƙwas. Na bi su duka, duka ya ƙi. Zuciyata ta fara tasowa, na haɗiye. Na koma kan bututai. Akwai wani jan mariƙi a jikin bututun da ya sauko daga lungun. Da na taɓa shi, ƙwas. Na murɗa hagu, ya buga sau biyu. Na murɗa dama, ya buga sau ɗaya, na ci gaba har ya tsaya cak. Maƙwabcin da ke kan kujera yana leƙe ya ce, "Malama, ruwan yana hawa!" Na toshe hanyar fita ke nan, inji kuma yana ci gaba da turowa, lungun yana cika da ruwan akwatin kansa.

Ya cika har ya yi daidai da na akwatin, duka biyun suka ci gaba da hawa tare. Na ga ruwan ya doshi baki, na kai hannu zan kashe wani abu, Baba ya buga sau biyu. Na tsaya, ina kallon ruwan yana matsowa, ina hango falon ya zama tafki. Saura kamar faɗin yatsa ya malalo sannan ya nuna makunni na uku ya buga sau ɗaya da ƙarfi. Na danna. Injin ya yi shiru.

To, amma haƙoran nan suna tsakani, kifin ba zai wuce ta cikinsu ba. Na dubi Baba. Ya haɗa yatsu biyu kamar mai tsince ƙaya, ya ɗaga sama. Ban gane ba. Ya sake. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Maƙwabcin ne ya ce, "Kamar cewa yake a zare wani abu." Na hau kujerar, na kama haƙoran da yatsu biyu na ja sama, sai ga su sun zaro sumul kamar murfin akwatin ashana. Ashe tun ranar da ya haɗa akwatin ya yi tanadin irin wannan rana, bai gaya wa kowa ba.

Yanzu ba abin da ya raba lungun da akwatin sai ɗan gefen roba a ƙarƙashin ruwa. Amma kifin yana can ƙasa a maƙale. Maƙwabcin ya ɗauki muciya zai zungure shi, cokali ya yi ƙara sau biyu, ya ajiye ba musu. Baba ya nuna fitila, na kashe. Ya kama bakin zanin da ke kan cinyarsa ya ja, ya nuna akwatin. Na lulluɓe gilashin, na bar 'yar kafa ta gefen da yake zaune. Sannan ya kwantar da cokalin a kan cinyarsa.

Muka zauna. Ni da ban iya jira ba ko a layin famfo, na zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen zani, kunu yana bushewa a bayana. Maƙwabcin ya ce zai je ya duba tankunansa, ya fita a hankali. Ina so in ce wa Baba ya yafe mini, kalmar ta ƙi fitowa. Ina tsoron kifin ya riga ya mutu a can ƙasa muna nan muna gadin gawa. Mun kai tsawon dahuwar shinkafa a haka. Sai na ji numfashin Baba ya canza. Na leƙa ta kafar zanin, na ga ɗan ruwan lemon ya taso bakin lungun, ya tsaya, ya ja baya, ya sake matsowa, sannan ya haye gefen robar ya gangara ya shige cikin duwatsu.

Ban yi guɗa ba. Baba kuwa bai ba ni sararin hutawa ba. Ya ɗauki cokali, muka mayar da komai, haƙora, jan mariƙi, inji, kowanne da bugunsa.

Kifin bai ci abinci ba ranar, Baba ma bai ci ba. Lahadi ma haka. Na je coci na kasa bin waƙa ko ɗaya, tabon ludayin nan kawai nake gani. Ranar Litinin da safe, har na sa kayan makaranta, ya fito daga cikin duwatsu ya cafki ƙwaya biyu. Baba ya sha rabin kofi.

Daga nan kullum safiya sai na tura shi gaban kabad mun yi darasi. Ya koya mini auna gishiri da wani ɗan gilashi mai allura, da wanke matatar, da yawan ruwan da ake ƙarawa in ya ƙafe. Duk da cokali. Yana gama buge-bugensa ya shanye kunu tas, har ya fara neman ƙari. Ni kuwa malama ce, ba na son a maimaita mini abu. Cikin 'yan makonni na haddace komai. Wata safiya na yi aikin daga farko har ƙarshe ban ɗaga kai ba, ban yi kuskure ko ɗaya ba, na juyo ina jiran ya yaba. Cokalin yana kwance a cinyarsa. Idonsa yana kan taga. Kifin ya ci a gabansa, amma shi cokali biyu ya karɓa ya kawar da kai.

Na wuni a aji ina juya abin a raina. Washegari na durƙusa gaban kabad, na kai hannu kan makunnin da na san ba shi ba ne. Ƙwas, ƙwas. Na ce, "Au, ba wannan ba ne?" Na taɓa wani. Ƙwas, ƙwas, har da "aa" na faɗa. Ranar ya shanye kofin.

Haka muke yi har yanzu. Ban taɓa ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa masa ba, ya kamata in yi, kullum ina cewa gobe. Jikin kuma yana ƙara ja baya, bugun ba ya ƙara kamar da, wani lokaci sai na kasa kunne sosai kafin in ji na biyun. Na san ya san na iya. Wani sa'in yakan tsaya ya dube ni, ya daɗe, kafin ya ɗaga cokalin. Ni kuma in bar yatsana a kan makunnin da ba shi ba, ina jira.